Taswirar da Na Toshe Taga da Ita

Assalamu alaikum Hamma Buba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinka, ya aiki, ya zafin Katar? Mu nan unguwar Malam Inna lafiya ƙalau, ƙafar Dada ma da sauƙi.

Hamma, laifi na yi maka. Taswirar duniyar da ka aiko in rataya wa ɗalibaina, tagar ofishinmu da ta fashe na toshe da ita. Cewa na yi ai ƙasashen waje ba sa fitowa a jarrabawa.

Makon jiya 'yarka Safiya, wadda take ajina, ta je ganawar neman tallafin karatu a waje. Suka shimfiɗa mata taswira, suka ce ta nuna inda mahaifinta yake aiki. Ta yi ta lalube, ta kasa. Ba su ɗauke ta ba. Da ta dawo, cewa kawai ta yi, "Goggo, ashe Baba yana kusa da Makka?"

Jiya na ciro taswirar. Ruwan sama ya cinye daidai gefen da kake.

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a. Ka gai da abokan zamanka.

Ƙanwarka,
Hadiza