Birkin da Ya Ƙi Ni a Gangaren Maamobi

Laraba, bayan isha'i



Da la'asar na ɗauko doya daga kasuwar Old Fadama, a-kori-kurar da nake ja cike maƙil. Da na kai gangaren Maamobi sai na kashe inji don tattalin mai, yadda na saba tun ina jan tsohuwar motar Baba. Na taka birki sau biyu yana kamawa. Na uku, kamar dutse na taka. Ga wata 'yar dako tana tsallaka titi, kwano a ka, goyo mai jar hula a baya. Na miƙe a kan birkin, na fizgi na hannu. Sai da ƙarfen gaba ya shafi zanenta motar ta tsaya. Ta zage ni tas.

A fusace na nufi garejin Malam Issaka, tunda shi ya sa min sabuwar bosta, na'urar da ke sauƙaƙa taka birki, makon jiya don birkin ya ƙara ƙarfi. Ya bari na gama faɗana, sannan ya nuna min wani bututun roba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ta nan inji ke zuƙe iskar cikin bosta, shi ya sa take taya ƙafarka turi. In ka kashe inji, taku biyu ya rage maka. Motar Babanku ba ta da bosta."

Ban gaya wa matata ba. Da na rufe ido, jar hular jaririn nan nake gani. Man da na tattala ko kofin shayi bai cika ba.