Juyin da Ya Rage Wajen Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu.

Kin san aikina: a sa min baƙaƙen kaya masu ɗigon fari, in yi rawa gaban kyamarori, kwamfuta ta kwashi motsina ta ɗora wa wata 'yar tsana a allo. To Yaya, 'yar tsanar nan ta kwashe komai, har karkata kafaɗar da na gada wajen Inna. Jiya mai kamfanin da nake wa aiki ya ce ba za a sake kirana ba sai na zo da sabon taku. In ba aiki, ba izinin zama a ƙasar nan.

Don Allah ki ɗauki bidiyon Inna a waya tana juyin rawar nan da ta ce sai na yi hankali za ta koya min, ki turo min. Na san gwiwarta na ciwo. Ko a zaune ne, hannayen ma sun isa. Kada ki gaya mata dalili.

Allah ya raya yara. Ki hanzarta, Yaya. Juyin nan ma in na ba su, ban san me ya rage min ba.

Ƙanwarki