Baba Ya Koma Ƙwanƙwasa Tebur

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu, ya tsare ka da sharrin baƙunta, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma leƙa maƙwabta ba sanda, ka san kuwa wannan shi ne ma'aunin lafiyarta. Yara sun koma makaranta, shagon ɗinkina kuma alhamdulillahi, na ƙara keke ɗaya. Na san kana mamakin ganin takarda da biro daga wurina a wannan zamani. To, gyara zama, labarin da nake tafe da shi ya fi ƙarfin saƙon waya, kuma ni ce gwarzuwar cikinsa, ba zan ɓoye ba.

Ba sai na tuna maka halin Baba a guruf ɗinmu na gida ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rubutu a maɗaba'a, aka damƙa masa waya, aka jefa shi cikin 'ya'yan da ke rubuta slm da ykk da lfy, ba babban baƙi, ba aya, ba waƙafi, magana kamar an kwance famfo. Kowa ya turo saƙo sai Baba ya maido masa da shi a gyare. Na yarda abin yana da cin rai, ni ma na sha. Amma da Auta ta buɗe wani guruf a ɓoye ta sa masa suna Mu Kaɗai, ta kwashe kowa ta bar Baba, na faɗa muku abin ba zai ƙare da daɗi ba, na fita. Kai kuwa, malam, kana ciki tsundum, har da turo hotunan yara.

Abin da ba ka sani ba, don Inna ta hana a tayar maka da hankali, shi ne yadda asirin ya tonu. Baba ya ga guruf ya yi tsit, ya ɗauka aiki ne ya sha kanku, har yana yi muku addu'a. Rannan Goggo ta zo, ta miƙa masa wayarta wai ya ga ɗanka ya fara tafiya, ita a zatonta ya riga ya gani. Ya sa tabarau, ya kalli hoton, ya kalli sunan guruf ɗin a sama, ya bi sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa mata wayar, ya tashi ya shige ɗaki, ya kashe tasa ya jefa a durowa. Daga ranar Baba ya daina zama da mu a falo, abinci sai a kai masa ya taɓa ya ture, gaisuwa kuwa ya amsa da ka. Wallahi Dogo, na tsorata. Ina kallon tsohon nan yana ramewa a gabanmu, ba ciwon da za a kai wa likita, ga shi duk wanda ya je ban haƙuri sai ya ce ai ba komai, ya juya wa mutum baya.

Ana cikin haka sai ga Auta a shagona, ido jajir. Ashe labaran nan da take rubutawa tana zubawa a intanet, ta tattara su ta aika wa wani gidan buga littattafai. Matar da ke tace musu rubutu ta amsa mata cewa labarin yana da rai, amma ta kasa wuce shafukan farko, don ba a gane inda magana ta fara da inda ta ƙare, ko wa ke magana. Ta ce in an gyara a sake turowa, in ba haka ba su sai haƙuri. Na ce wa Auta ai ga likitan a gida. Ta ce da wane ido za ta kalle shi, kuma ko ta je ba zai karɓa ba, ga shi idonsa ma ba ya jure ƙananan baƙaƙen waya. Ina taka keke ina tunani, sai Allah ya kawo mini dabara.

Ka tuna yadda Baba ke ba mu labarin aikinsu? Mutum biyu ke zama, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana saurare, kuma saboda ƙarar injuna ba a tsayawa surutu. Inda ya kamata a numfasa sai mai saurare ya ƙwanƙwasa tebur, inda magana ta ƙare ya ƙwanƙwasa sau biyu, in sabon sakin layi ne ya buga tafin hannu. Har a kan tabarmar cin abinci yakan yi mana in muna zuba zance ba birki. Na ce wa Auta kada ta roƙe shi komai. Ta zo da hantsi ta zauna a falo daidai ƙofar ɗakinsa, ta karanta wa Inna labarin da ƙarfi yadda ta rubuta shi sak, kada ta kuskura ta tsaya sai inda ta sa aya. Ka san kuwa ayar Auta sai an yi tafiya kafin a gamu da ita.

Kai, da ka ga abin nan da ka yi dariya har da hawaye. Yarinya ta ɗauko karatu tana gudu kamar an biyo ta, jijiyar wuya ta tashi, murya ta shaƙe, ta yi tari, ta sake ɗaukowa. Inna ta toshe baki da mayafi, ni ina tsaye jikin labule ina kasa kunne, amma ɗakin Baba shiru kake ji. Har na fara cewa a raina dabarar ta ci tura. Auta ta shiga shafi na gaba tana haki, sai muka ji ƙwas daga cikin ɗaki. Ta dube ni, na yi mata alama ta ci gaba. Ƙwas, ƙwas! Can sai ga bugun tafin hannu a kan tebur, har kofin shayinsa ya yi ƙara. Hannun ne ya kasa haƙuri tun kafin mai shi ya huce. Sai ga muryarsa, wadda muka yi kewa, yana cewa a gaya wa yarinyar nan ta shigo da abin nan kafin ta kashe labarin ta kashe kanta. Inna ta fashe da kuka, ni kuwa na rangaɗa guɗa a tsakiyar falo, ban san lokacin da ta fito ba.

Tun daga nan kullum da hantsi suna tebur. Ita tana karantawa, shi ya lumshe ido yana ƙwanƙwasa, tana gyarawa. In an zo kan sunan mutum sai ya ɗaga yatsa sama, wato babban baƙi, wai ba a shigar da mutum littafi a durƙushe. Suna faɗa kuma, kada ka ɗauka lafiya lau ake. Akwai wurin da ya ce a cire maganar 'yan zamani, ta kafe cewa haka mutanen labarinta ke magana, aka kai ruwa rana, ƙarshe shi ya sakar mata. Inna ta ce mini ya faɗa mata bai taɓa sanin haka kan yarinyar nan yake ja ba, wai da can kuskurenta yake karantawa, yanzu ne ya ji maganarta. Abinci kuwa yanzu har ƙari yake nema.

To ga albishir: Auta ta sake turawa, sun karɓi littafin! Matar ta ce ta karanta shi a zama ɗaya, har tana tambayar wa ya tace. Auta ta sa sunan Baba a shafin farko, ta durƙusa ta nuna masa, sannan ta rushe Mu Kaɗai a gaban idonsa. Shi da kansa ya buɗe durowa ya ɗauko wayar, ya ce a sa masa caji. Ni kuwa ina ta baza hanci a gidan nan, kowa ya san aikin wa ne.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ɗinkinta yana nan tafe. Ka shafa mini kan ɗan naka Sarkin Ƙiriniya da yayarsa. Inna tana sa maka albarka, Goggo tana gaisuwa, har yanzu tana rantsuwa ba da gangan ta yi ba. Maigidana da yara da Auta duk suna gaishe ku.

Duk abin da ke sama na karanta wa Baba, ya ƙwanƙwasa mini har na gaji. Wannan sakin layin ne kawai bai ji ba, kuma kada ya ji. Tun da aka kunna wayar nan kowa ya yi masa magana, saura kai, na kuwa san kunya ce ta riƙe ka. Kullum sai ya sa tabarau ya duba, ya ajiye. Ka rubuto masa yau, doguwa, ba saƙon murya ba. Kuma don Allah kada ka tsaya gyarawa, ka bar masa abin da zai ƙwanƙwasa.

Taka har kullum,
Yayarka