Tunkiyar da Ta Mutu Ta Je Kasuwa

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Doguwa lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Na bi shawararka, ban ajiye kuɗin adashe a ɗaki ba. Na sayi tunkiya, na tsaga mata kunnen hagu, na ba Kawu Ila kiwo, in ta haihu mu raba 'ya'yan. Da damina ya zo ya ce ta ci leda ta mutu.

Ranar kasuwar Tudun Wada na bi ta gefen kara, inda ake sayar da dabbobi, sai ga tunkiyata da 'ya'ya biyu, igiyar a hannun Kawu. Kunnen na fara gani. Da muka haɗa ido, sai ya ce, "Ya jikin Innarku?"

Ban gaya wa Inna ba, ƙaninta ne. Yaya, ba asarar ce ke ci mini rai ba. Ranar da ya kawo labarin mutuwar, ni na yi ta ba shi haƙuri, har na ba shi kuɗin mota.

Ka sa ni a addu'a, zuciyata ta ƙi sanyi. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza