Kada Ka Turo Huseina

Kaduna, 1953

Yaya Abarshi,

Bayan gaisuwa, yaya jikin Inna? Ni lafiya lau, ina wanki a asibiti, abinci ne dai ba ya shiga.

Kai ka ce in kawo 'yata Hassana, wai Baturen likita yana binciken ciwon ɓarin kai. Sati uku suna ɗibar jininta, suna auna jijiyar kanta, suna rubutu. Da ta rasu, baƙi ne suka kai ta makwancinta.

Yanzu na ji ka yi wa Baturen alkawarin Huseina, tunda tagwaye ne ita da Hassana, ciwonsu ɗaya. In ciwon ya tashi, ku ɗaure mata kai, ta kwanta a ɗaki mai duhu, Allah ya ba ta sauƙi. Amma in ka fitar da ita daga Birnin Gwari, wallahi ban yafe maka ba.

Ƙanwarka,
Saude