Larai, An Yi Miki Takwara a Bayan Get

Surukarki ta sauka lafiya, Larai! Mace ce, kuma da sunanki na yanka aka yi mata huɗuba. Na san ba a faɗa sai ranar suna, amma bakina ya ƙi rufuwa. Liman ya yi haƙuri, na riga shi.

To, yanzu bari in yi sallama yadda aka koya mana a ajin yamma. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ne mijinki Sale nake rubuto miki daga Nassarawa GRA a Kano, daga gidan Autanmu. Da yatsa ɗaya nake latsa wayar nan, don haka ’yan garinmu da za su karanta a waya su yi mini uzuri. Bokon tsufa ne.

Da kin gan ta! Goshinki ne sak, da dogayen yatsun nan naki. Kin san shekarun da Auta da matarsa Sadiya suka yi suna jira, har kika tafi ba ki ga wannan rana ba. Da aka miƙo mini ita na ce mata, yarinya ga mijinki nan, ki duba da kyau, babu canji. Ta yamutsa fuska ta kawar da kai, yadda kika yi ranar da aka fara nuna miki ni a gidan kawunki. Na yi dariya har hawaye suka zo, daga baya kuma dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen.

Amma akwai abin da ke cina, kuma ke kaɗai na saba faɗa wa irinsa.

Kin tuna lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta fara fito mini. Kikan tsaya a bakin ɗaki kina kallona da littafi a hammata, ki ce, “Malam, a gaida ’yan aji ɗaya.” Da na iya haɗa baƙi sai abin ya shige ni. Na bi garinmu Kukar Maje gida-gida ina roƙon iyaye su bar yara su wuce sakandare, su kai jami’a. Ina ce musu za su dawo mana da likita, da malamin gona, da mai gyara mana famfo. Ke kuwa kina tankaɗe kika ce, “Kai ke kiwo, Kano za ta yi tatsa.” Na ɗauka tsokana ce.

Ba tsokana ba ce, Larai. Dama kowace kaka manyan motoci kan zo su kwashe riɗinmu da zoɓonmu da geronmu su nufi Kano. Yanzu yaran ma hanyar suka bi. Aikin Auta ke nan: kamfaninsu na sayen riɗi da zoɓo daga ƙasarmu, daga Katsina, daga Yobe, har daga Nijar, shi kuma yana duba tsabtarsa da kyansa kafin a loda zuwa Legas, a sa a jirgin ruwa. Ya ce wani lokaci da an kwance buhu yake gane riɗin wajenmu tun bai taɓa ba. To wannan aiki ina zai yi shi a Kukar Maje? Ba sito, ba injin, ba wuta. Duk wanda ke son sayarwa nan yake zuwa, duk wanda ke son saye nan yake zuwa, sai mai takarda ya bi su.

Bilki ’yar maƙwabtanmu tana Badawa, tana aiki a babban kantin magani. ’Yan biyun gidan Sarkin Noma suna Giginyu. Sani ɗan aminina Malam Habu yana Kaura Goje, da digirinsa yake jan adaidaita sahu, kuma ko da Sallah ba ya zuwa gida, don kada a tambaye shi ina ofis ɗin yake. Wanda ya samu aiki, aikin ya riƙe shi. Wanda bai samu ba, kunya ta riƙe shi. Ban yi nadamar tura su makaranta ba, ko kusa. Na dai ga inda hanyar ta ɓulle, kuma babu mai juyowa.

Ni ma ban juya ba. Bayan rasuwarki Auta ya zo ya ɗauko ni, wai a duba mini ido in koma. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ga ni nan. Ba a rage ni da komai ba. Ɗakina da fanka, abinci a kan lokaci, Sadiya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai gidan na kamfani ne, mu da wasu iyalai uku, katanga ta fi rufin ɗakinmu na gida tsawo, an kuma nannaɗa mata waya a kai. Ba zaure. Unguwar shiru, ga manyan itatuwa, ga inuwa mai kyau, ba mai zama a ciki.

Farkon zuwana na ɗauki tabarma bayan la’asar na shimfiɗa a ƙofar gida, yadda na saba, ko wani zai wuce mu gaisa. Wani mai mota ya tsaya ya danna mini ƙaho, ya leƙo ya ce, “Baba, buɗe mana mana!” Ya ɗauka ni ne mai gadi. Da Auta ya ji, kunya ta kama shi, ya durƙusa ya roƙe ni in riƙa zama a ciki. Na naɗe tabarmata.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na Delu ƙanwarki.

Da ta ji labarin haihuwa ba ta jira kowa ba. Ta ɗaure kanwa da daddawa da yajin jego, ta hau mota tun safe, ta yi ta tambaya har ta iso. Dokar gidan nan kuwa, baƙo ba ya shiga sai na ciki ya kira mai gadi a waya. Delu ba ta da waya, ba ta kuma san sunan Auta na makaranta ba, “Auta” kawai take cewa, “ɗan Larai.” Muna ciki, tana waje a zaune kan ƙullin kayanta, tun hantsi har Auta ya taso daga aiki ya tarar da ita. Matar da ta goya shi! Mai gadin, Malam Iro, mutumin kirki ne, har ruwa ya ba ta. Da na yi masa magana ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ni ma ajiye ni aka yi.”

Ke kin san yadda ake barka a gida. Ba a gayyata. Mata na shiga suna fita, wannan ta ɗauki jariri ta ce hancin wane ne, waccan ta ce a’a na wance ne, tsakar gida ba wurin sa ƙafa. A nan takwararki ta kwana ta tashi, ta sake kwana, hannun da ya ɗauke ta bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk a waya suke cewa Allah ya raya. Jariri ba a ganinsa a waya, Larai. Sai an ɗauka an ji nauyinsa.

Sai na ce wa Auta mu kai sunan gida. Ya ce lokacin sayen zoɓo ne, ba za a ba shi hutu ba. Sannan ya ce, “Baba, kuma wa ya rage a can?” Na fara lissafa masa mutane, sai na ji duk tsofaffi nake kira, wasunsu ma kin riga ni ganinsu.

Na ce to a buɗe get ranar, kowa ya shigo. Ya ce an hana taro a gidan, an rubuta, ya sa hannu. Na ɗaga murya, na ce wane irin gida ne da ba a taron suna? Ya dube ni da idon nan nasa na tun yana yaro ya ce, “Baba, in suka karɓe gidan, ko aikin, ina za mu koma?”

Na buɗe baki in ce gida, sai na tuna katangarmu ta gabas ta faɗi a daminar bara, gonar tana hannun aro, gwiwoyina kuma ba sa iya kai ni rijiya. Na rufe bakina. Ashe ba ni kaɗai aka rufe a gidan nan ba. Yaronki ma a rufe yake, shi dai makulli ne a aljihunsa.

Delu ce ta raba mu. Tana gefe tana dama wa mai jego kunun kanwa, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Ku da dokarku. Cikin gida nasu ne, titi kuma na wa? In Kukar Maje ba ta shigo ba, ni zan fitar mata da ’yarta.” Sadiya daga ɗaki ta ce, “Inna, ki fitar da ita, na yarda.” Jiya sai ga Auta ya dawo da tabarmi a bayan mota, ya ajiye su a ƙofar ɗakina, ya ce, “Baba, a duba ko sun isa.”

Ban yaudari kaina ba. Yarinyar nan Bakanuwa ce. Za ta tashi tana jin Kukar Maje a bakin tsoho kamar tatsuniya. Ni ma na fara yarda cewa a nan ƙasa za ta karɓe ni, ba a gefenki ba inda na nuna wa Malam Habu. Wannan ne karo na farko da na faɗa, ko Auta bai ji daga bakina ba. Ki yafe mini nisan. Amma kafin nan, sau ɗaya dai, mutanenki za su ɗauki mai sunanki su sa mata albarka da bakinsu.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata shi fiye da yadda kika yalwata mana gida. Allah ya raya takwararki, ya ba ta haƙurinki, ya rage mata kaifin bakinki kaɗan. Yaranmu da ke garin nan, mai aiki Allah ya riƙa masa, mai nema Allah ya buɗa masa. Ya haɗa mu inda ba katanga.

Naki har mu sadu,
Sale.

Ku kuma da kuke karantawa, sunan ranar Asabar ne, da an sallame sallar asuba har rana ta yi zafi. Bilki, ki rufe kantin nan ki zo. ’Yan biyu, ku zo da matanku. Sani, ka zo da adaidaitarka ka kwaso duk wanda ka gani a hanya, wanda ya tambaye ka ofis ni zan ba shi amsa. Na gida da ke da ƙarfin hawa mota, ku taho. Ba kati, ba kiran waya, ba sai na rubuta lambar gida ba. Ku shigo GRA kawai, inda kuka ga tabarmi a bakin titi da tsoho a zaune yana washe baki, nan ne, babu na biyu a duk unguwar. Ku zo ku gan ta!