Jan Zaren Laima ta Huɗu

Gabrovo, 9 ga Yuni, 1998

Bate Lyuben, wato Yaya Lyuben,

Bayan gaisuwa, wadda na yi don Mama ta ce in yi. Ƙafarta da sauƙi, ba don ka tambaya ba.

Ranar Asabar na kwashe awa biyu a bas na iso filin jirgi, sai mai gadi ya tare ni wai babban malami ya ce kada a bar ni in taɓa laimar dirowa daga jirgi. Babban malami, wato kai, wana, wanda na yi ta wanke wa wando har ya yi aure. Ko fitowa ba ka yi ba, alhali ina hango ƙeyarka ta tagar rumfa.

Sau biyar na diro daga jirgin nan, igiyar da ke ɗaure da jirgin tana buɗe mini laima, sau biyar na sauka a kan ƙafafuna. Saura na shida, wanda zan ja hannun laimar da kaina, kuma sa hannunka kawai nake jira a littafina. Na san abin da ke cinka. Kana ɗan shekara sha shida Baba ya kai ka filin, ni kuwa aka dasa ni gaban keken ɗinki a masana'anta, na yi shekara talatin ina kallon allura har masana'antar ta rufe. Yanzu mace mai shekara arba'in da shida tana sauka daidai kan alamar da aka shata a ƙasa fiye da samarinka, abin ya tsaya maka a maƙogwaro. Faɗa mini laifina a rubuce, in akwai.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Tsveta

Kazanlak, 12 ga Yuni

Uwargida Tsvetana Koleva,

Ina gaisuwa. A gaida Mama.

Tunda a rubuce kike so, ga shi. Kowa yana goya laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. Ta ko-ta-kwana ni nake naɗe ta, in ratsa fil ɗin da ke rufe ta da jan zare, in danne da hatimin darma. Da gangan aka yi zaren rarrauna, don ya tsinke da zarar mutum ya ja, lokacin da babbar laima ta ƙi buɗewa kuma ƙasa tana taso masa.

Ranar Larabar da ta gabaci zuwanki na ɗaga murfin laimar ko-ta-kwana ta huɗu, na tarar da ɗinki shida a ƙarƙashin zarena. Zaren nailan ne ja, ƙanana, a jere, da ƙullin da ake yi wa maɓallin kwat. Na rataye ta na ja da hannu biyu, ta ƙi. Sai da na dogara ƙafa a bango. Wadda za ta goya ta bayanki ita ce Nevena, ɗalibar jinya, shekararta sha tara.

Na duba sauran laimomin ɗalibai biyar, lafiyarsu ƙalau. A filin nan mutum ɗaya ne ke yawo da allura a ƙwalar riga. Ba kishinki nake yi ba, tsoronki nake ji.

Ki huta lafiya,
L. Kolev, babban malami

Gabrovo, 16 ga Yuni

Bate,

Ina gaida babban malami. Uwargida kuma? Ni da ka taɓa jefawa a kwamin shayar da tumaki?

Ni na ɗinka, ba zan musa ba. Muna zaune a rumfa muna jiran iska ta lafa, na ga bakin zaren naka yana reto, na taɓa shi ya tsinke a yatsuna. Zaren da ko maɓallin rigar jariri ba zai riƙe ba, shi aka ɗaure ran mutum da shi. Na ce a raina, aikin maza ke nan. A masana'antarmu wadda ta bar irin wannan ya wuce ta gabanta, ranar take barin aiki.

To wa ya gaya mini? Darasin da ake yi a ƙasa kafin a hau jirgi kai ke ba kowa, amma da aka zo kaina sai ka tura yaronka Mitko, don ba ka iya tsayawa ka dubi idona na awa ɗaya. Mitko kuwa rabin darasin a kan banitsar da na kawo, gashin fulawa da cuku, ya ƙare, bakinsa cike yana cewa, "Anti, ja wannan, in ya ƙi ja wancan, shi ke nan."

Maganar Nevena ta hana ni cin abinci kwana uku. Wannan tsakanina da Allah ne, ba sai ka ƙara mini ba. Na koya yanzu. Ka sa mini hannu.

Sai na ji daga gare ka,
Tsveta

Kazanlak, 22 ga Yuni

Tsveta,

Gaisuwa gare ki da Mama.

Kin iya ɗora laifi kamar yadda kika iya ɗora hannun riga. Duk da haka maganar Mitko gaskiya ce, ni ya kamata in koyar da ke, kuma na faɗi hakan a gaban kwamitin filin ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Uku daga cikinsu sun so a kore ki nan take. Na ce laima ɗaya ce, sau ɗaya, cikin rashin sani. Na ɗora sunana na shekara talatin da huɗu a kan wannan magana, saboda matar da ba ta taɓa ce mini sannu ba.

Ga sharaɗinsu. Ki rubuto da hannunki cewa ta huɗu kaɗai kika taɓa. In takardar ta iso, zan sa hannu, ranar Asabar ki ja laimarki da kanki, ni kuma in diro a bayanki. In aka sami ɗinkinki a wata, za a soke sunanki, kuma babu filin da zai karɓe ki a ƙasar nan. Layi biyu sun isa, ba na son wa'azi.

Ki huta lafiya,
Lyuben

Gabrovo, Juma'a, ta hannun direban bas ɗin rana

Bate,

Ina gaisuwa. Karanta wannan kafin ka yi komai.

Ba ta huɗu kaɗai ba ce. Akwai taka ta ko-ta-kwana, baƙar nan da ke rataye a kabad ɗinka, wanda ba ka taɓa kullewa. Da ita na fara, tun watan Afrilu. Ɗinki goma sha biyu na yi mata, na ninka zaren, don na ga ka fi kowa hawa. Tun wasiƙarka ta farko nake ce wa kaina ai ka duba ta. Na sake karantawa yau, na ga na ɗalibai kawai ka ce.

Kada ka goya ta gobe. Ka kai wa kwamitinka wannan takarda, su soke abin da za su soke.

Sau nawa ka diro da ita tun Afrilu? Kada ka faɗa mini.

Allah ya tsare ka,
Tsveta